Kular Allurar Shanu

Tayar keke napep ta fashe a Mayo Bani, rana tsaka. Khaulat ta buɗe kular da ke cinyarta, ta saki ihu.

"Na shiga uku! Ƙanƙarar ta kusa zama ruwa. Allurar rigakafin shanu ce ta shagon Babana, in ta ji zafi ta mutu!"

Murtala mai keken, ɗalibin kimiyya a kwalejin Poli, ya zaro ma'aunin zafi daga jakar littattafansa ya tsoma.

"Sifiri. Share hawayenki, Hajiya. Muddin da sauran gutsure ɗaya, ruwan ba zai ɗumama ba. Duk zafin da ya shiga, wajen narkar da ƙanƙarar yake ƙarewa."

"In kuma ƙarya kake?"

"Ki riƙe lambata, ki zage ni a waya."

Zagin bai zo ba. Hira ce ta zo, har ta zama soyayya. Saƙon da ta turo bayan wata biyu shi ne: "Malam Sifiri, Baba ya ce bai yarda da kai ba. Wai ka kawo masa allura tana iyo, ka rufe shi da turanci. Tana nan a firji, ya ƙi sayarwa."

Ya mayar: "Sanyin idona, ki tanadi kofi. Ina tafe."

Ranar kasuwar shanu ya durƙusa a shagon, ya gaida mahaifinta Alhaji Alhassan, ya cika kofi da ƙanƙara ya ajiye a rana.

"Baba, ku riƙe ma'aunin da hannunku, ku riƙa juyawa. In ya motsa kafin ta ƙare, na haƙura da Khaulat."

Khaulat ta harare shi. Wa ya aike shi?

Dillalai suka yi cincirindo. Rabi ya narke, sifiri. Saura kamar ƙwayar gyaɗa, sifiri. Sai da ta ɓace sannan jan layin ya fara hawa.

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. "Yaro, turo manyanka."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure. Alhaji ya dafa kawunansu. "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Ana cikin guɗa, wata mota mai lambar Kamaru ta ci burki a ƙofar gida. Wata dattijuwa ta fito tana jan akwati biyu.

"Ni ce gwaggon ango, daga Garwa. Wa ya ɗaura auren ɗana ban sani ba? Ku nuna min ɗakina."