Matan Layin Doya na Assakio

Da daminar shekarar 2005 Badaru ya fara shigowa shagon buga takardu da Dijatu ke aiki a Lafia. Malamin firamare ne a Akurba, littafin labari yake rubutawa. Ya zaro kundin daga leda ya ajiye gaban kwamfutarta.

Da ya dawo bayan kwana uku, shafi tara kacal ta buga.

"Wuta aka ɗauke?" ya tambaya.

"Wuta na nan, Malam. Barci ne ke ɗauke ni. Shafi shida kana kwatanta gida, har yanzu ba wanda ya yi ko sallama."

Ta zaci zai kwashe kayansa ya tafi. Sai ya yi dariya, ya jawo benci. "To nuna min inda kika fara gyangyaɗi."

Daga gyaran labari aka koma hira, daga hira aka koma saƙon waya. "Editata, yau na yanke shafi huɗu saboda ke. In kin ce in yanke hannun ma, sai dai in roƙi ki bar min na dama." Ta karanta ya fi sau goma kafin ta mayar: "Bar hannunka, Malamina, ina da amfani da shi."

Bayan wata uku rubutunsa ya sauya. Mutanen labarin suka fara magana kamar masu rai, kowane babi ya ƙare inda mai karatu zai so ƙari. Har wata mai sayar da doya ta shigo ciki, mai wushirya da dariya mai ƙarfi. Dijatu na bugawa, zuciyarta na tambaya: a ina ya san mace haka?

Sannan ta lura da ƙananan rubutu da fensir a gefen shafuka. "Mimidoo ta yi dariya a nan." "Mimidoo ba ta so, a yanke." Ga shi duk ranar kasuwar Assakio wayarsa a kashe. In ta tambaya, sai ya sosa ƙeya ya ce ɗan aiki ne.

Mahaifinta Alhaji, wanda ke sarin riɗi a ƙauyuka, shi ya ƙarasa dagula mata lissafi.

"Sau biyu ina hango shi a Assakio, zaune cikin mata," in ji shi. "Mutumin da aikinsa ƙirƙirar labari, ta yaya za ki gane ranar da yake faɗa miki gaskiya? Kada ya turo min kowa."

Kwana biyar saƙonnin Badaru na shigowa, ba ta amsa ko ɗaya. Ranar kasuwa ta yafa gyale ta hau motar Assakio.

A layin doya ta jiyo muryarsa. Yana zaune kan kifaffen daro, takardu a hannu, mata biyar kewaye da shi. Wata dattijuwa mai furfura da wushirya ta ɗaga hannu, ta yi magana da Hausarta ta 'yan koyo.

"Malam, tsaya. Yarinya yana jiran amsa, kai kana maganan ruwan sama. Cire shi!"

"To, Mama Mimidoo." Ya ja fensir. Da ya ɗago, suka haɗa ido da Dijatu, takardun suka kusa zube masa.

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "Kai ne Dijatu? Zo zauna. Sunanka ya cika mana kunne."

Dijatu ta ja Badaru gefe. "Me ya sa ka ɓoye min? Ka san abin da na kwana ina saƙawa?"

"Tsoron ɓata miki rai nake, Editata. Tun da kika fara sona kika daina faɗa min gaskiya. Kome na kawo, sai ki ce ya yi daɗi. Su kuwa, labari na yin sanyi za su juya wajen masu ciniki su bar ni da takardata. Yadda zan ce miki na nemi wasu kunnuwa ne ya gagare ni."

Ta san bai yi ƙarya ba.

"Na tausaya maka, kai kuma ka ɓoye min," ta ce a hankali. "Kada mu sake."

Mahaifinta bai yarda da bakinta ba, ya ce sai ya gani. Kasuwa ta gaba ya tsaya bayan tulin doya yana saurare, fuska a murtuke. Badaru na kai ƙarshen babi ya rufe kundin.

"A'a, ci gaba mana!" Alhaji ya ce, ya manta laɓe yake. "Yarinyar ta amince ko ba ta amince ba?"

Matan suka kwashe da shewa.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Lafia. Matan Assakio suka cika mota guda, suka yi rawa har zannuwa na kwancewa. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya dafa kanta, idonsa ya cika.

"Na zarge shi, Allah ya wanke shi a gabana. Ku riƙe gaskiya a tsakaninku ko da ɗaci. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Gidan duka ya amsa da amin.