Kaset Ɗin Filin Maƙera

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar Talata wayar caji ofis ta yi ƙara. Kofur ya ɗauka, ya saurara, ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Yallaɓai, daga majalisar gari ne. Wai an yi musu sata."

"Me aka sata?" in ji Sufeto.

"Kaset."

Sufeto ya ɗago kai. Shekara ashirin da shida yana aikin nan. Ya bi sawun shanu, ya bi sawun babura, har janareto ya taɓa zaƙulowa daga ƙarƙashin gadon wani, amma rabon da ya ji an ambaci kaset har ya manta. Ya ɗauki hularsa suka fita.

A ƙofar majalisa suka tarar da maƙera kusan arba'in zaune a rana, ba mai ko tari. A cikin zaure kuwa kansiloli goma sha ɗaya ne, amma hayaniyarsu ta fi ta kasuwa. Ciyaman yana ta buga guduma a tebur, ba wanda ya san yana yi.

"Ka zo a daidai, Sufeto," in ji Ciyaman, yana share gumi. "Batu na huɗu a ajanda, filin da maƙera suke aiki. Ɗan kwangila yana so ya gina shaguna a wurin. Su kuma sun ce majalisa ta mallaka musu shi shekara ashirin da biyu da suka wuce."

"Ina takarda?"

"Gara ta cinye littafin zaman. Sai dai a zamanin ana ɗaukar kowane zama a kaset. Yau muka ce za mu rufe ƙofa mu saurara, daga nan a liƙe shi a ambulan a aika kotu. Sakatare ya buɗe gidan kaset a gabanmu, wayam!"

"Yanzu yaya ake ciki?"

"Na ɗage zama zuwa ƙarfe huɗu. Da kaset ko babu, za a kaɗa ƙuri'a. In babu shaida, jibi katafila za ta shiga."

Sufeto ya dubi agogonsa. Saura awa shida a yanke hukunci a kan rumfa arba'in.

Ofishin Sakatare ɗan ƙaramin ɗaki ne mai warin tsohuwar takarda. Shi kansa Sakataren mutum ne mai son a san shi ne Sakatare, biro uku ne a aljihun rigarsa. Ya nuna wata kabad ta ƙarfe a lungu.

Sufeto ya duba kwadon. Ba a taɓa lafiyarsa ba.

"Ina makullin yake kwana?"

"A jikina. Ko wanka zan shiga da shi nake shiga."

"Miƙo shi."

Sakatare ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Can dai ya yi murmushin yaƙe, ya miƙa hannu saman kabad ɗin, ya ciro makulli daga ƙarƙashin wani tsohon fayil.

"Ashe a saman kabad kake wanka," in ji Sufeto. Kofur ya juya baya yana gyaran murya.

Kaset kusan ɗari ne jere a ciki, ƙura ta yi musu bargo. Sufeto ya karɓi gidan kaset ɗin da aka sace ya juya shi a hannu. Wannan kaɗai ne fes, an goge shi ciki da waje har yana ɗaukar ido. An rubuta a jikinsa da kyakkyawan rubutu mai kwanciya: Zama na Bakwai.

"Kai ka goge shi?"

"A'a. Haka na ɗauko shi."

"Akwai wanda ya yi maka maganar kaset ɗin nan kafin yau?"

"Ko mutum ɗaya," in ji Sakatare, idonsa a kan silin.

Sufeto ya sake duba gidan kaset ɗin. Ɓarawo yakan goge sawun yatsunsa, wannan ba sabon abu ba ne. Amma bai taɓa ganin wanda ya tsaya ya bi lungunan roba da tsumma ba, kamar mai yi wa jariri wanka.

Duk wanda aka tambaya a majalisar, yatsansa wuri ɗaya yake nunawa: Kansila Dogo, surukin ɗan kwangila. Biri kam ya yi kama da mutum. Sufeto ya sa aka kira shi baranda.

"Ƙarfe nawa ka shigo yau?"

"Tara daidai, tare da kowa."

"Maigadi ya ce bakwai da rabi."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Dogo ya hau faɗa, ya ambaci yawan ƙuri'un da ya ci, ya ambaci manyan da ya sani. Sufeto ya bar shi har iskarsa ta ƙare.

"To, na zo da wuri," Dogo ya faɗa a sanyaye. "Na zo in lallaɓa Sakatare ne ya tura batun zuwa wata mai zuwa. Ban same shi ba. Wallahi ko ƙofarsa ban taɓa ba."

"Wa zai shaide ka?"

"Inna mai shara. Tana zaune a matakala, tsintsiya a cinya. Na gaishe ta sau biyu, ko kallona ba ta yi ba. Matar da in ta fara gaishe ka sai ka nemi kujera."

Mai gyaran rediyon da majalisa ta ɗauka ya kunna mata rikoda, shagonsa yana tsallaken titi. Sufeto ya same shi yana hura wani allo da baki.

"Ka ga kaset ɗin da idonka?"

"Ranar Alhamis Sakatare ya nuna min. Na gaya musu gaskiya, zaren ya bushe ya yi rauni. Sau ɗaya zai juya, shi ma sai an yi sa'a. In ya wuce ta kan rikoda, ba lallai ya sake magana ba."

"Tun daga ranar, wani ya kawo maka rikoda gyara?"

"Haba yallaɓai, wa ke rikoda yanzu?"

Sufeto ya ɗaga wani ƙyalle mai zanen furanni a gefen benci. Ƙarƙashinsa tsohuwar rikoda ce mai hannu, an ɗaure murfinta da roba, ga batir huɗu sababbi ko ledarsu ba a ɓare ba.

"Wannan fa, daga sama ta faɗo?"

Mai gyara ya sosa ƙeya. "Ta roƙe ni kada in faɗa. Jiya da yamma Inna ta kawo. Na gwada ta da wani kaset nawa, nan take ta tauna shi. Na ce mata wannan ko sabon kaset ta samu sai ta yi kaca-kaca da shi. Ta daɗe a tsaye, sannan ta tafi ko sallama babu."

Da suka tsallako, Sufeto ya durƙusa kusa da shugaban maƙera, wani dattijo mai tabon ƙuna a hannuwa.

"Baba, kana wurin ranar da aka ba ku filin?"

"Ina bakin taga. Marigayi Magatakarda ne ya karanta ƙudurin, da muryar nan tasa mai sanyi. Allah ya jiƙansa, bai ƙara shekara uku ba bayan nan." Ya nuna ginin da haɓa. "Ai matarsa ce ke yi musu shara. Da ya rasu aka ba ta aikin, wai don ta riƙe yara."

Ƙarfe uku ta wuce lokacin da Sufeto ya tura ƙofar sito, ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Ya ce wa Kofur ya jira a waje.

Tana zaune a kan bokitin da ta kifa, 'yar tsohuwa siririya, hannayenta biyu a kan wani ƙullin tsumma a cinyarta. Ba ta razana ba.

"Sannu, Inna."

"Yawwa, ɗana. Tun safe nake jin takalminka yana kai da kawowa."

"Kin san abin da nake nema."

"Ni shara na sani."

"Mai gyara ya nuna min rikodarki."

Sufeto ya jawo wani bokitin ya kifa ya zauna, gwiwarsa tana kusan taɓa tata. Ya cire hularsa.

"Shekara goma sha tara," ta faɗa a hankali. "Fuskarsa ina da ita, akwai hoto. Rigarsa ma akwai. Amma muryar ta tafi. Ban san ranar da ta tafi ba. Na farka wata safiya ina so in tuna yadda yake kiran sunana, na nema na rasa. In na yi mafarkinsa, bakinsa yana motsi, ba na jin komai."

Ta shafa ƙullin da ke cinyarta, ta ci gaba.

"Kullum ina goge saman kabad ɗin nan, ban san yana ciki ba. Sai ranar Alhamis na ji suna magana. Sauran kaset ɗin duk na bayansa ne, nasa ruwa ya lalata su, wannan kaɗai ya tsira. Na je wurin Sakatare na durƙusa, na ce ya bar ni in tsaya a bayan ƙofa in an kunna, ko numfashi ba zan yi ba. Ya ce zaman sirri ne, ba wurin 'yan shara ba ne. Ya ce in ina son waƙa in sayi rediyo."

"Shi ne kika ɗauka."

"Jiya bayan an tashi. Na ce in ji sau ɗaya in mayar kafin gari ya waye. Sai mai gyara ya ce rikodata za ta cinye shi. Na kasa kunnawa, na kuma kasa mayarwa. Yau da safe sau uku ina zuwa ƙofar ofishin, ƙafata ta ƙi." Ta matse ƙullin. "In sun kunna, shi ke nan, ya ƙare. Su ji shi, su da ko sunansa ba su riƙe ba."

Shi ma Sufeto matarsa ta rasu shekara huɗu ke nan. Tsohuwar wayarsa cike take da saƙonninta na murya, yawanci faɗa ne a kan ya manta cefane, har ranar da wayar ta faɗa ruwa wajen bin wani ɓarawo. Ya samu yabo a kan kamun. Da za a karɓi yabon da igiyoyin kafaɗarsa duka a ba shi faɗa ɗaya daga cikin waɗannan, da ya miƙa yana godiya. Kewarta ta taso masa sabuwa fil a cikin ɗakin tsintsiya.

Amma agogo bai san wannan ba.

"Inna, mutum arba'in ne a rana, kowa da iyali. Mijinki ne kaɗai shaidarsu."

"Na gan su ta taga," in ji ta. "Shi ya sa ban gudu gida ba."

Ta kwance ƙullin, tsumma uku ɗaya cikin ɗaya. Ta miƙo kaset ɗin da hannu biyu, sai da Sufeto ya ɗan ja kafin ta saki.

Ciyaman ya karɓa da murna, amma da ya ji wadda ta ɗauka sai ya murtuke fuska. Ya ce kayan gwamnati ne, an riga an shigar da ƙara, dole doka ta yi aikinta. Sufeto ya nemi a bar Inna ta zauna a lungu minti biyar kacal. Sakatare ya buɗe littafin dokokin zama ya karanto sashe da lamba, Ciyaman ya gyaɗa kai. Aka tattara wayoyin kowa a faranti, aka fitar da wanda ba mamba ba, aka rufe ƙofa.

Kofur ya ciro ankwa. Kallo ɗaya Sufeto ya yi masa, ya mayar aljihu.

Hanya biyu ce zuwa mota. Sufeto ya bar gajeriyar, ya bi da Inna da Kofur ta bayan zaure, inda tagogi suke a sama, gilashin ɗaya ya fashe tun bara ba a gyara ba. Daidai nan ya tsaya.

"Kofur, ina jin na bar littafina a sito. Je ka duba. Ka duba da kyau, kada ka yi gaggawa."

Kofur ya dubi littafin da ke leƙowa daga aljihun maigidansa, ya sara, ya tafi.

Daga ciki aka ji ƙas, sai shuuu mai tsawo. Sannan wata murya ta fito, siririya, tana ɗan rawa saboda tsufan zare.

"Zama na bakwai. Mambobi tara sun halarta, biyu sun aiko uzuri. Batu na farko, filin da ke bayan tashar mota."

Inna ta dafa bango. Muryar ta ci gaba a natse, ta karanta iyakar gabas da ta yamma, ta ce majalisa ta amince ba hamayya, filin na maƙera ne da 'ya'yansu muddin ana hura wuta a wurin. Magatakarda ya tsaya ya yi tari, ya ja hanci, ya ce a yi masa afuwa. Bai ƙarasa batu na biyu ba aka ji ƙarar tsinkewa, zauren ya yi tsit. Can sai gudumar Ciyaman ta sauka.

Hawaye yana bin kumatunta, amma dariya take yi ƙasa-ƙasa.

"Mura yake yi," ta ce. "Na tuna ranar. Na ce ya sa rigar sanyi, ya ce shi ba yaro ba ne."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta gyara tsayuwa.

"Mu je, ɗana."

Sufeto ya buɗe mata ƙofar gaba ta motar.