Hoton Ƙarshe a Allon Gargaɗi

"Ni fa ba zan hau ba, Misbahu!"

Mubina ta turje a bakin layi, ta ƙanƙame jakarta. Sama da kansu jirgin wasan nan mai hawa da gangarowa ya wuce da gudu, mutanen ciki na ta kurma ihu.

Misbahu ya tsura wa matarsa ido. Shi ne mai duba birkin jirgin a wannan filin wasa na garin Upper Marlboro, can ƙasar waje, kullum da sassafe kafin a buɗe ƙofa. Bara, kafin aurensu, ita ce mai jan hannunsa su sake hawa. Amma kwana biyun nan ta canza masa. Abinci sai ta tsakura, magana da ƙyar, ga ƙus-ƙus a waya da Anti Rumasa'u ta garin Greenbelt, wadda tun farko ta ce makanike bai dace da 'yarsu ba. Zuciyarsa ta gama raya masa cewa zuga ta ake yi ta bar shi.

"Habibti, tsoron me kike ji? Birkin nan maganaɗisu ne, ba ya jiran wuta. Ko an ɗauke lantarki, akwai kuma birki na biyu da yake damƙe jirgin da kansa."

"Na sani..."

"Da hannuna na duba shi yau!"

"Na ce na sani!"

"To ashe ni ne ba ki yarda da ni ba." "Me Anti take faɗa miki? In kin gaji da ni, ki fito fili ki gaya min!"

Hawaye ya cika idonta. "Haba masoyi... Wallahi kai dai sai a hankali!"

Ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Yarinyar da ta tashi a Kano ba ta iya furta irin wannan magana, balle karo na farko, balle a tsakiyar mutane. Sai kawai ta ja hannunsa zuwa allon gargaɗin da ke bakin ƙofa. Shi ya kafa allon da kansa, amma kullum yana wuce shi bai sake tsayawa ya kalla ba.

Ta ɗora yatsa a kan hoton ƙarshe: mace mai ciki, an ja jan layi a kanta.

Ya kalli hoton, ya kalle ta.

"Mubina... da gaske?!"

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Shi ya sa ku da Anti..."

"To wa kake so in tambaya? Kai?"

Kunya da daɗi suka rufe shi lokaci guda. Ya karɓi jakarta ya rataya, ya tare ta da hannu a bakin 'yar matakalar fita.

"Tsaya, tsaya! Sauko a hankali, rabin raina... Wannan matakalar ban yarda da ita ba."