Wanda Ya Yi Wa Baba Wanka

A ɗaki na huɗu ta fara ganinsa, ya naɗe hannun riga yana juya mahaifinta a kan gadon asibiti. Wata biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsohon, ita kuma tela ce, ina ta ga ƙarfin ɗaga namiji? Nas ɗin ya ɗago ya ce, "Ɗan ba mu wuri, 'yar Baba." Sunan da ya bi ta ke nan.

Shi ke yi wa tsohon wanka, shi ke canja masa shimfiɗa. Ita tana bayan labule riƙe da tawul, zuciya na nata aikin. Ba a jima ba saƙonsa ya fara shigowa wayarta.

"'Yar Baba, yau ya ci cokali shida. Ke nawa kika ci?"

"Likitan ƙarya, sai na gan ka abinci ke shiga."

Ran da ta gaya wa mahaifinta nas ɗin na son aurenta, sai ya kau da kai.

"Kin san wa ake ce wa suruki?" Maganar na fita da ƙyar ta gefen baki. "Wanda kunya ta tsaya tsakaninku. Shekara talatin kakanki bai taɓa ganin kaina ba hula ba. Wannan yaron kuwa babu abin da bai gani ba. Da wane ido zan amsa gaisuwarsa? Ban yarda ba."

Ta yi kuka har ta gode Allah. Da nas ya ji, sai ya nemi a mai da shi wani sashe, wai ko nisa zai gyara. Kullum ya tsaya bakin ƙofa ya yi gaisuwa ya wuce. Ladabin banza! Wanda ya gaje shi gado ashirin ne a wuyansa. Cikin sati biyu gadon bayan tsohon ya sale, ɗakin ya soma wari.

Ta rubuta wa nas ɗinta: "Ka bar maganar aurena. Dawo ka wanke min ubana."

Da safe ya zo, bai ko dube ta ba, ya ja labule. Ta ji ƙarar ruwa, ta ji nishin mahaifinta.

"Ka san in ka taɓa ni ka rasa ta?"

"Na sani, Baba. Dafa kafaɗata."

Nas ya ci gaba da wankan. Can tsohon ya ɗaga murya ya kira ta.

"Nemo min ƙanena. Ni dai ban yi sa'ar suruki ba, ɗa Allah ya ba ni. A ɗaura tun ina gani."

Kwana tara ya ƙara a duniya. Ranar ɗaurin auren suka durƙusa gaban gadonsa, ya lalubo kawunansu da hannun da ke motsi.

"Allah ya ba ku masu yi muku," in ji shi.

Ta buɗe baki ta ce amin, kuka ya riga ta.