Mariƙin Libarbar Shawish Tsoho

Bayan la'asar Yunus masassaƙi ya shigo ofishin 'yan sanda na unguwar Misfala, gumi ya jiƙa masa riga. Gaban teburin Sufeto Lurwanu ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, libarbarka ta ɓata."

Sufeto ya ajiye alƙalami. Bindigar ta hukuma ce, an ba shi ita a farkon shekarar 1368 ta Hijira, lokacin da Shawish Tsoho, sajen ofishin, ya yi ritaya bayan ya riƙe ta shekara ashirin. Tsohon nan shi ya raini Lurwanu tun da mahaifinsa ya rasu a hanyar Sudan. Mariƙin bindigar na katako ya tsage, shi ya sa Lurwanu ya cire harsasai ya kai wa Yunus gyara. Yunus ya ce ya zaɓa: ko a ɗaure tsohon mariƙin da tagulla, ko a sa sabo na hauren giwa. Sufeto ya ce zai yi tunani.

Suka tafi shagon Yunus tare. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa lau.

"Ka kulle da za ka tafi sallah?"

"Na kulle, wallahi."

"To ɓarawon yana da makulli ke nan. Wa ka ba?"

Yunus ya sunkuyar da kai. "Ban kulle ba. Jawo ƙofar kawai na yi."

A kan benci ga sabon mariƙin hauren giwa yana ƙyalli, ba wanda ya taɓa shi. Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Ɓarawon kasuwa da shi zai fara. Ya durƙusa. Cikin garin katakon da ke ƙasa akwai sawun takalmi, kuma gefen kowane sawu akwai ɗan rami kamar na bakin sanda.

"Wa ka gaya wa maganar sabon mariƙin?"

"Ba kowa. Sai jiya da Baba Tsoho ya zo shan shayi, na ce masa na tabbata haure za ka zaɓa, tsohon kuma sai murhu."

Sufeto ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Zuciyarsa ba ta so inda ƙafarsa ta nufa ba.

Mairama matar Tsoho ce ta amsa sallama.

"Inna, Baba ya fita yau?"

"Ina zai je da wannan gwiwar? Tun safe yana kwance." Tana magana tana kallon tukunya.

Tsoho yana kan tabarma ya jingina da matashi. Sandarsa na jikin bango. Sufeto ya gaishe shi a durƙushe, ya ɗauki sandar ya shafa bakinta, garin katako ya manne masa a yatsa.

"Baba, an sace libarbar."

"Subhanallahi. Mutanen yanzu ba tsoron Allah."

"Makamin hukuma ne. Dole na tsare Yunus yau, gobe a kai shi gaban alƙali. Ka san abin da zai biyo baya."

Mairama ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka ji fa."

Sannu a hankali tsohon ya sa hannu ƙarƙashin matashin ya jawo bindigar, naɗe cikin tsohon rawani.

"Yunus ba ruwansa. Ni na ɗauka. Cewa ya yi za a ƙona mariƙin."

"Katako ne fa, Baba, kuma ya tsage."

"Ka san abin da ya tsaga shi? Shekarar da ruwa ya ci unguwar nan kana Jidda wajen horo. Ƙofar ɗakin mahaifiyarka ta ƙi buɗuwa, ruwa ya kai mata ƙirji. Da gindin bindigar nan na fasa sakatar. Ita ta ce kada a gaya maka, don kada ka baro karatu. Har ta rasu ban faɗa ba."

Sufeto ya karɓi bindigar. Ya bi tsagar da babban yatsa, ya ga inda tafin hannun tsohon ya cinye katakon har ya yi santsi. Ya ɗago kai ya dubi tsohon.

"Da ka tambaye ni, Baba."

"Kunya na ji. Yanzu taka ce."

"Gobe Yunus zai ɗaure shi da tagulla. Hauren ya nemi wani mai saye." Ya soke bindigar a kube. "Amma an riga an rubuta ƙara. Sai ka zo ka yi wa Mudir, shugaban ofis, bayani da bakinka, ka kuma ba Yunus haƙuri."

"Ɗayyib, na yarda. Da ka ƙyale ni, da na ce ban koya maka komai ba."

Mairama ta miƙo wa Tsoho hula, tana share ido da gefen mayafi. Sufeto ya tallafe shi ya miƙe, suka fito lungu.

"Koma ta hagu," in ji Tsoho. "Wannan gwiwar ce mai ciwon. Kuma ka rage sauri, ba gudu zan yi ba."