Tsagen Ladidi

Ranar da Khaulat ta fara shiga shagon gyaran hotuna na Zaharadeen a kasuwar Black Market ta Adjamé, a Abidjan, hoto ɗaya ne a hannunta, naɗe cikin hankici. Ɗan ƙarami ne, ya yi dishi-dishi. Wata mace ce zaune a tsakar gida, fuskarta kamar ana hango ta ta bayan labule.

"Mahaifiyata ce, Ladidi," in ji Khaulat. "Ina goye ta rasu, kuma ba ta da wani hoton. Malam, so nake in ga fuskarta."

"Yako," ya ce a hankali, yadda 'yan Abidjan ke yi wa mai rashi. Ya ɗago ya dube ta, daga nan bawan Allah ya rasa inda ya ajiye hankalinsa.

Ya sa hoton a kwamfuta, ya nuna mata wurare biyu.

"Wannan netteté ne, wato kaifi. Gefen abu kawai yake ƙarfafawa, bakin ido, bakin leɓe. Idan kyamara ba ta kama gefen ba, babu abin da zai kaifafa. Wannan kuma clarté ne. Shi tsakanin haske da inuwa yake ratsawa, ya fito da abin da ke kwance a fata. Da shi zan bi a hankali, amma fuskar ba za ta taɓa fita tar ba."

Ba ta ji daɗin maganar ba, amma ta ci gaba da zuwa tun daga Treichville, wai duba aiki. Aikin kuwa sai ya ƙi ƙarewa, saƙonni suka fara.

"Haskena, yau shagon duhu, ba ki zo ba."

"Mai hotona, ka biya kuɗin lantarki dai."

Da manyan Zaharadeen suka je neman izinin auren Khaulat, mahaifinta Alhaji Sayyadi, mai atamfofi a kasuwar Treichville, ya sallame su. Zuciyarsa tana kan Badaruddeen, ɗan amininsa mai sayar da wayoyi. Shi kuwa Badaruddeen da ya ji labarin hoton, sai ya sa shi a wata manhaja mai ƙirƙiro abin da babu. Nan take ta fito da mace kyakkyawa, fata sumul, gashin ido ana iya ƙirgawa. Aka sa a firam, aka rataye a falo.

Khaulat ta tsaya gabansa tana kuka, tana kiran "Inna". Sannan ta rubuta wa Zaharadeen:

"Ashe ana iyawa. Ja min rai kawai kake yi. Na ga mahaifiyata, kada ka ƙara kira na."

Amsarsa ta zo: "Haskena, wadda kika gani ba ta taɓa rayuwa ba. Ki ba ni dama in ƙarasa."

Ta kife wayar.

Sai dai gidan ya canza. Alhaji ya daina zama a falo, in zai wuce ma kau da kai yake yi. Abinci ya ragu, ya rame. Wata safiya Khaulat ta same shi a baranda, idanunsa jawur.

"Baba, lafiya?"

"Shekara da shekaru mahaifiyarki tana zuwar mini a mafarki," ya ce. "Yanzu in ta zo, da fuskar waccan ta bango take zuwa. Ina ƙoƙarin tuna tata, na kasa. Khaulat, baƙuwa ta shigo gidana ta kore ta."

Tsoro ya kama ta. Ashe duk kukan nan, gaban wa take yin sa?

Da yamma Zaharadeen ya hau woro-woro, tasin haɗaka, ya tsallaka gada, don ita da kanta ta kira shi. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya miƙa ambulan.

Hoton yana nan da dishi-dishinsa. Amma a kumatun matar, wasu siraran layuka sun taso daga bakin leɓe suka nufi kunne.

Alhaji ya matso da hoton kusa da idonsa. "Tsagenta na Gobirawa," ya ce. "Ladidi! Ke ce."

"Manhajar ta ɗauka ƙarzuwar takarda ce, Baba, sai ta goge," in ji Zaharadeen. "Ni ban ƙara komai ba. Suna nan tun farko, cikin inuwa."

Khaulat ta ɗora yatsa a kan layukan, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon muryarta ba ta fita ba, leɓenta ne kawai ya motsa.

Alhaji da kansa ya sauke firam ɗin, ya ce wa Zaharadeen ya sake turo manyansa.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya sa mata hoton a hannu.

"Baba, kai fa?"

"Tafi da ita, ke kika fi buƙata. Jiya ta zo mini da fuskarta, tana murmushi." Ya dafa kanta. "Allah Ya yi muku albarka, Ya jiƙan Ladidi."