Ɗigon Fenti a Filogi na Uku

"Ba wanda zai kwance injin nan ina numfashi!" in ji direban motar asibiti, ya kifa ƙirjinsa a kan bonet.

"Kauce min, ɗan banza," in ji babban bakaniken asibitin, tsoho mai furfura, sifana a hannu. "Ka tuƙa mota ba baƙin mai, ka kashe 'yar mutane, sannan ka hana a duba?"

A haka Insifetan 'yan sanda ya same su a garejin asibitin. Jiya motar ta mutu a hanya ɗauke da mai naƙuda. Kafin wata motar ta iso, matar ta cika. Mijinta ya kai ƙara, kuma direban ake shirin tsarewa.

"Ajiye sifanar nan, Baba," in ji Insifeta.

Ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai cike yake.

"Daga baya ya zuba, Yallaɓai," in ji tsohon. "Ba ni awa biyu in farke injin, ka gani da idonka."

"Ba za a farke komai ba."

Insifeta ya ja direban gefe. "Me ka ji kafin ta mutu?"

"Tun da na tayar take ƙara, kamar ana dukan ƙarfe a ciki."

"Kuma ka tafi?"

"Mace na zubar da jini a bayana, Yallaɓai. In tsaya neman wa?"

Insifeta ya sa Kofur ɗin da suka zo tare ya kawo akwati daga motarsu. A ciki akwai doguwar waya mai laushi, da kyamara kamar ƙwayar wake a bakinta, da ɗan allo. Kofur ya cire filogi huɗun, ya jera su a kan tsumma.

Insifeta ya zura wayar a ramin filogi na farko. Kan fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, ya bayyana a allo, baƙi, lafiya lau. Na biyu ma haka. A na uku ya tsaya. Fistin duk ya rarake, ga wani noti a kwance, ya lotse.

"Ta ina noti ke shiga nan, Baba?"

Tsohon ya share wuyansa. "Sai ta ramin filogi."

"Yaushe rabonka da motar nan?"

"Wata biyu. Ko bonet ɗinta ban ɗaga ba."

Insifeta ya tsuguna gaban tsumman. Kowane filogi na da ɗigon shuɗin fenti a jikinsa.

"Wannan fa?"

"Aikin Baba ne," in ji direban. "Duk filogin da ya ɗaure sai ya ɗiga masa fenti, don kar ya manta. Har tsokanarsa muke, wai ko murfin buta ya rufe sai ya ɗiga."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗigon filogi uku sun koɗe, ƙura ta hau su. Filogin rami na uku kuwa ɗigo biyu gare shi, sabo a kan tsoho. Insifeta ya danna farcensa a kan sabon. Ya lotsa.

"Fentin wata biyu ba ya lotsawa, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Ban ma san na ɗiga ba," ya ce a hankali. "Hannun ne ya saba."

"Don me?"

"Ya kai ƙarata ofis, wai tsofaffin kaya nake sa wa motoci. Shekara talatin ina nan! So na yi motar ta lalace a hannunsa a kore shi. Wallahi na ɗauka ko ƙofar asibiti ba za ta wuce ba."

Direban ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska.

Kofur ya sa wa tsohon ankwa. Sun kai bakin gareji sai ya ja ya tsaya, bai juyo ba.

"Yallaɓai, ɗan cikin nata fa? An samu fitar da shi?"